Tuhuma Biyar, Amsa Biyar: Martani ga Mai Cewa Juri Ciniki Suke Yi

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya yi dogon sharhi a kan shari'ar mawaƙin nan na Amurka, Sean Combs, wanda aka fi sani da Diddy, kuma daga wannan shari'a guda ya yanke wa tsarin juri hukunci baki ɗaya. Abin da Malam ya ce a taƙaice shi ne, idan aka ɗebo mutum goma sha biyu daga cikin gari, waɗanda ba su taɓa karatun lauya ba, aka jibge musu tuhuma biyar ko goma a zama ɗaya, to ba auna hujja za su yi ba, ciniki za su yi. Masu son a ɗaure su taya, masu son a saki su ce albarka, daga ƙarshe a haɗu a tsakiya kowa ya kama hanyar gida. Dalilinsa kuwa, shaidun da suka yi magana a kan tuhumar da aka wanke Combs su ne dai suka yi magana a kan wadda aka kama shi da ita, don haka in za a gaskata su a gaskata su duka, in za a ƙaryata su a ƙaryata su duka. Ya ƙare da cewa gara irin namu na Najeriya, inda alƙali ɗaya masanin doka yake saurare ya yanke.

Rubutun ya yi daɗin karatu, amma ban yarda da shi ba. Tara tuhume-tuhume a shari'a guda yana da illa ta gaske, sai dai ba inda Malam ya nuna da yatsa take ba.

Tuhuma biyar aka gurfanar da Combs a kansu a kotun tarayya da ke Manhattan. Ɗaya ta haɗa baki wajen tafiyar da gungun masu aikata laifi, biyu na safarar mata don lalata ta hanyar tilas, biyu kuma na jigilar mutane daga wata jiha zuwa wata don karuwanci, a ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1910 da ake kira dokar Mann. Ranar 2 ga Yulin 2025 juri suka wanke shi daga ta gungun da biyun safara, suka same shi da laifi a biyun jigila. Wanda ya dubi lissafi kawai zai ce rabo aka yi, uku naka biyu nawa. To amma kowace tuhuma da nata sharuɗɗan, kuma alƙali yakan karanta wa juri su ɗaya bayan ɗaya kafin su shiga ɗakin shawara, ya kuma gaya musu cewa kowace da amsarta. Tuhumar safara ba ta tsayawa sai an nuna ƙarfi ko barazana ko yaudara ko tursasawa ne suka sa matar ta yi abin da ta yi. Ta dokar Mann ba ruwanta da tilas. A nuna an ƙetarar da mutum iyakar jiha, a nuna don karuwanci aka yi, magana ta ƙare. Tikitin jirgi da rasit ɗin otal da bayanan biyan kuɗi sun isa su ɗauki wannan. Waccan kuwa sai an auna saƙonnin waya na shekara da shekaru da lauyoyin Combs suka karanto don nuna cewa da yarda aka yi, a ɗaya hannun kuma ga bidiyon wani otal na 2016 inda ake ganinsa yana dukan ɗaya daga cikin matan. Mutum yana iya gaskata matar ɗari bisa ɗari cewa an dake ta, ransa ya ɓaci da abin da ya gani, kuma duk da haka ya ce gwamnati ba ta kawar masa da kokwanto ba a kan cewa dukan ya cika sharaɗin wannan tuhuma ta musamman. Ni kaina ina da ja a kan yadda suka fahimci tursasawa a zaman da duka ya zama ruwan dare a cikinsa. Amma kuskuren auna hujja daban, ciniki daban.

Akwai kuma abin da ya faru ana gobe hukunci, wanda Malam bai ambata ba. Juri sun aiko wa alƙali Arun Subramanian da takarda cewa sun gama da tuhuma huɗu, ta farko ce ta gagara, don kowane ɓangare akwai waɗanda suka kafe. Alƙali ya ce su koma su ci gaba, washegari suka fito da amsa. Mai ciniki ba ya rufe huɗu ya bar ɗaya a buɗe, tunda da waɗancan huɗun ne zai yi ba-ni-in-ba-ka.

Shari'ar Elizabeth Holmes ta fi fito da abin fili. Ita ce ta kafa kamfanin Theranos a Kalifoniya, ta ce na'urarta za ta iya gwaje-gwaje barkatai da ɗigon jini daga ɗan yatsa, masu kuɗi suka zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli, ashe na'urar ba ta aikin. A watan Janairun 2022 juri a San Jose suka amsa tuhuma 11. Sun same ta da laifi a huɗu, sun wanke ta a huɗu, sun kasa daidaitawa a uku. A idon Malam wannan ai rabon gado ne. Amma a duba inda layin ya bi: huɗun da aka kama ta da su duk na damfarar masu zuba jari ne, huɗun da aka wanke ta duk na damfarar marasa lafiya ne, ukun da suka gagara kuma kowace ta shafi kuɗin wani mai zuba jari ne daban. Masu jari da bakinta ta yi musu magana, akwai takardun da ta aika musu, akwai muryarta a faifai. Marasa lafiya kuwa ba su taɓa zama da ita ba. Bayan wata shida wasu juri daban suka saurari shari'ar abokin aikinta Ramesh Balwani, wanda ɗakin gwajin yake ƙarƙashin kulawarsa, suka same shi da laifi a tuhuma 12 duka, har da na marasa lafiyan. Rukuni biyu na mutanen da ba su san juna ba, kowanne ya ɗora wa kowa abin da hannunsa ya taɓa.

Haka a 2018, a shari'ar Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump: tuhuma 18, an kama shi da takwas, goma suka tsaya cik. Ɗaya daga cikin jurin ta fito daga baya ta shaida wa gidan talabijin cewa mutum ɗaya ce ta hana a kama shi da sauran, ta kuma ce ita kanta mai goyon bayan Trump ce amma takardun ba su bar mata wata hanya ba. Da ciniki ake yi, da an saye wannan mutum ɗayar da wankewa a tuhuma biyu ko uku. Ba a yi ba, sai suka fito suka gaya wa alƙali sun kasa.

Ba ina cewa juri ba sa yin hukuncin da ke cin karo da kansa ba. Suna yi, kuma kotunan Amurka sun san da haka tun kafin a haifi ni da Malam. Zamanin da aka haramta giya a ƙasar aka tuhumi wani mai suna Dunn da mallakar giya, da sayar da ita, da kuma riƙe wurin da ake ajiye ta don sayarwa. Juri suka ce bai mallaka ba, bai sayar ba, amma ya riƙe wurin. A 1932 Kotun Ƙoli ta bar hukuncin yadda yake, kuma alƙali Oliver Wendell Holmes, a hukunci na ƙarshe da ya rubuta kafin ya yi murabus, ya ce ba dole ne amsoshin juri su dace da juna ba, kowace tuhuma ana ɗaukarta tamkar ƙara ce mai zaman kanta. A 1984 aka sake a shari'ar Betty Lou Powell, wadda aka wanke daga haɗa baki a harkar hodar ibilis amma aka kama ta da amfani da tarho wajen sauƙaƙa wannan harkar da aka ce ba ta yi ba. Wannan kam ko ɗan firamare ya san ba ta haɗu ba. Duk da haka kotun, da baki ɗaya, ta ƙi rushewa, kuma dalilinta ya cancanci Malam ya tsaya a kansa. Idan amsa biyu suka ci karo, wa ya san wadda ke kuskure? Mai yiwuwa kamun ne ba daidai ba. Mai yiwuwa kuma jurin sun gamsu ta aikata duka, tausayi ne ya sa suka rage mata. Gwamnati ba ta da ikon ɗaukaka ƙara a kan wankewa, saboda tsarin mulki ya hana a gurfanar da mutum sau biyu a kan laifi ɗaya, to me zai sa wanda ya ci moriyar sassauci ya dawo ya ce a ba shi saura? Abin da ya rage masa shi ne kotun sama ta duba ko hujjar da aka kawo ta isa ta ɗauki tuhumar da aka kama shi da ita, ita kaɗai. A Ingila an ɗan fi buɗe ƙofa, ana iya rushe hukunci idan amsoshin sun kai yadda babu juri mai hankali da zai ba da su, amma can ma da wuya ake samu.

Wannan sassaucin da Malam yake kira rauni, da gumi aka same shi. A 1670 a Landan an tsare juri ba ci ba sha saboda sun ƙi kama William Penn da laifin wa'azi a titi, aka ci su tara, har sai da ɗayansu, Edward Bushel, ya kai ƙara aka yanke cewa ba a hukunta juri a kan amsar da suka bayar.

Inda gizo ke saƙa yana ɗaya gefen ne, wanda Malam bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Ranar da juri suka rarrabe tsakanin tuhuma da tuhuma, aƙalla mun ga alamar sun yi aiki. Ranar da ya kamata gaba ya faɗi ita ce wadda suka ce da laifi tun daga sama har ƙasa, kowa ya tafa. Ƙa'ida ta 8 ta shari'ar laifuka a kotunan tarayyar Amurka ta ba mai gabatar da ƙara damar haɗa laifuka a takarda guda idan daga aiki ɗaya suka fito, ko shiri ɗaya ya haɗa su, ko ma don kawai iri ɗaya ne. Fashi biyu a unguwanni daban, makonni tsakani, ana iya kawo su gaban mutum goma sha biyu guda. Ƙa'ida ta 14 ta ba alƙali ikon raba su idan haɗawar za ta cutar da wanda ake tuhuma, amma ganin damarsa ne, kuma kotunan sama ba kasafai suke taɓa abin da ya zaɓa ba. Ɗaya daga cikin lokutan da suka taɓa shi ne shari'ar Drew a 1964, a birnin Washinton, inda aka haɗa wa mutum fashi a wani kanti da yunƙurin fashi a wani, har shaidu da lauyoyi suka riƙa cakuɗa ranakun biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin.

A ɗauki mutumin da ke da cikakken bayanin inda yake ranar fashin farko, amma a kan na biyu shiru ya fi masa alheri. In ya hau ya yi rantsuwa don ya kare kansa a na farko, ya buɗe wa lauyan gwamnati ƙofar tambayarsa a kan na biyu, ko kuma juri su lura ya yi magana a nan ya yi gum a can. In ya ƙi hawa, ya zubar da kariyar da yake da ita. Wannan ɗaya ke nan. Wadda ta fi ta muni ita ce abin da zuciyar ɗan Adam take yi ba tare da ta nemi izini ba: mutumin da aka zarga da abu shida, ai ba zai rasa aikata ko ɗaya ba. Yawa shi kan sa zare ya ja dutse. Hujjoji raunana guda huɗu, waɗanda kowace in ta zo ita kaɗai za ta faɗi, in suka jeru sai su riƙe juna. Alƙali zai ce a auna kowace tuhuma daban, amma a farkon shekarun 1980 masu bincike biyu, Sarah Tanford da Steven Penrod, sun gwada wannan da juri na gwaji, suka ga cewa tuhuma ɗaya tak ta fi samun kamu idan aka kawo ta tare da wasu fiye da idan ta zo ita kaɗai, kuma gargaɗin alƙali bai cika gyara abin ba. A 2006 Andrew Leipold da Hossein Abbasi suka bi bayanan shari'o'in gaske na kotunan tarayya, suka sami cewa wanda aka haɗa wa tuhume-tuhume ya fi wanda ke fuskantar guda ɗaya yiwuwar kamu da kimanin kashi 10 cikin ɗari. To wa ke yanke shawarar tuhuma nawa za a rubuta? Ba juri ba ne. Mai gabatar da ƙara ne, masanin doka, irin wanda Malam yake so a bar wa komai.

Adadin kansa ma yakan ruɗi mai karatu. Da aka ce a watan Mayun 2024 an sami Donald Trump da laifi 34 a birnin Niyok, mutane da yawa sun ɗauka ayyuka 34 ya aikata. Batu ɗaya ne, yadda aka rubuta kuɗin da aka mayar wa lauyansa Michael Cohen bayan ya biya wata mata dala 130,000 don ta yi shiru. Takardun neman biya 11, cakin kuɗi 11, shigarwa a littafin lissafi 12, kowace takarda tuhuma guda. A irin wannan, amsa iri ɗaya sau 34 ita ce mai ma'ana, kamar yadda amsoshi mabambanta suke da ma'ana a shari'ar Elizabeth Holmes. Ba a gane ingancin hukunci daga ko ya rabu ko bai rabu ba, sai an buɗe takardar tuhumar an ga tambaya nawa ce a ciki da gaske.

Kada kuma a ɗauka cewa duk lokacin da hujjar wani laifi ta taimaki wani zalunci ne. A 1915 aka gurfanar da George Joseph Smith a Landan kan kisan mace ɗaya, Bessie Mundy, wadda aka tarar ta mutu a bahon wanka a 1912 jim kaɗan bayan ta yi masa wasiyyar dukiyarta. Shari'ar ita kaɗai da ƙila ya sha, tunda an riga an ce haɗari ne. Sai alƙali ya bari juri suka ji cewa wasu mata biyu da ya aura bayanta, a 1913 da 1914, su ma a baho suka mutu, shi kuma ya ci gajiyar mutuwarsu. Babu mai hankalin da zai ce a toshe kunne daga wannan. Aikin alƙali mai wuya shi ne ya rarrabe maimaicin da ke kore haɗari da tarin zargin da ke ɓata suna kawai, kuma manyan alƙalai ma suna saɓani a kai. A 2024 babbar kotun jihar Niyok ta rushe hukuncin da aka yi wa Harvey Weinstein a 2020, huɗu suka rinjayi uku, saboda an bar wasu mata sun ba da shaida a kan zarge-zargen da ba sa cikin takardar tuhuma. Laifin wa ke nan, na juri ko na wanda ya buɗe ƙofar?

Da Malam abin haushi yake nema, da ya same shi a matakin yanke wa'adin ɗauri. A 1997 Kotun Ƙolin Amurka ta duba shari'ar Vernon Watts, wanda 'yan sanda suka sami ƙwaya a kicin ɗinsa da bindigogi biyu a ɗakin kwana. Juri suka kama shi da ƙwayar, suka wanke shi daga amfani da bindiga. Alƙali ya zo yanke ɗauri ya ƙara masa saboda bindigogin, kuma Kotun Ƙoli ta ce ya halatta, wai wankewa ba ta nufin bai yi ba, tana nufin ba a kai matakin kawar da kokwanto ba ne kawai, shi kuwa alƙali rinjayen hujja ya ishe shi. Ma'ana mai gabatar da ƙara yana iya jera tuhuma mai rauni kusa da mai ƙarfi, ya faɗi a mai raunin gaban juri, ya dawo ya karɓi ladarta a hannun alƙali. Sai a watan Nuwamban 2024 hukumar da ke tsara ma'aunin ɗauri ta taƙaita wannan a lissafinta, kuma ko da aka ɗaure Combs wata 50 a Oktoban 2025, kukan da lauyoyinsa suka yi ke nan, cewa an hukunta shi da abin da aka wanke shi a kai.

Saura batun alƙali ɗaya. Yana da fifiko guda wanda ba zan musa ba: dole ya rubuta dalilansa, tuhuma bayan tuhuma, kotun sama ta karanta ta ga inda ya kauce. Juri a Amurka kalma biyu suke furtawa su watse, kuma doka ta hana a kira su su ba da shaida a kan abin da suka tattauna, in ban da 'yan wurare ƙalilan. Amma shi ma alƙalin mutum ne, tuhuma hamsin in suka jeru a gabansa ba a cire masa zuciya ba, kuma kai ɗaya ya fi goma sha biyu sauƙin karkata. Mu da muka saba jin EFCC ta shigar da tuhuma ɗari da wani abu mun san yawan bai taɓa zama tabbacin komai ba. A watan Disamban 2009 babbar kotun tarayya da ke Asaba ta yi watsi da tuhuma 170 da aka yi wa tsohon gwamnan Delta, James Ibori, a zama ɗaya. A 2012, a kotun Southwark da ke Landan, inda juri ne za su saurare shi, ya amsa laifi goma da bakinsa kafin a fara kiran shaidu, aka ɗaure shi shekara 13. Ba tuhume-tuhume iri ɗaya ba ne kalma da kalma, amma dukiyar jiha ɗaya ake magana.

In rashin bayanin dalili ne ke damun Malam, akwai waɗanda suka yi maganinsa ba tare da sun kori mutanen gari daga kotu ba. Sifaniya, tun dokarta ta 1995, tana ba jurinta mai mutum tara jerin tambayoyi a rubuce, su amsa kowace da ƙuri'a, bakwai don abin da zai cutar da wanda ake tuhuma, biyar don abin da zai amfane shi, sannan su rubuta gajeren bayanin hujjar da suka dogara da ita. Beljiyam ta sauya dokarta a ƙarshen 2009 sakamakon ƙarar Richard Taxquet, wanda aka ɗaure kan kisan wani tsohon minista bayan an yi wa juri gajerun tambayoyi iri ɗaya a kansa da sauran waɗanda ake tuhuma, kuma a 2010 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta tabbatar cewa dole wanda aka ɗaure ya iya gane dalilin ɗaure shi. A Ingila yanzu alƙalai sukan miƙa wa juri takarda mai tambayoyi a jere ga kowace tuhuma: in amsar wannan e ce ku wuce ta gaba, in a'a ce ku wanke shi a wannan tuhuma ku koma ta biyu.